Kwana Talatin da Farin Kambas

Alhamis, 6 ga wata.
Aikin farko: sauya dunduniyar takalmin malamar makaranta, ƙafa biyu. An gama.

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Kada layin da ke sama ya dame ki. Daga littafin aikina na yago takardar, kin san ban iya fara shafi ba sai na rubuta abin da na fara yi. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta fara fita ƙofar gida da kanta, sai dai maganin ne ba ta sha sai an tsaya a kanta. Maman yara da yaran duk suna gaishe ki.

Ranar Litinin direban nan da muke kira Sai Gobe ya tsaya a bakin rumfa, ya miƙo mini kwali ta taga, ya ce daga wurinki, ya ja motarsa. Na buɗe, na zazzage, na ɗaga takardar da aka naɗe kayan da ita, ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Takalmi kawai. Na ɗauka kyauta ce, in kuwa ba haka ba ne ki yi haƙuri.

Auta, shekara ashirin da biyu ina gyaran takalma a rumfar da Baba ya bar mana, ban taɓa riƙe irin wannan ba. Na zauna da shi a cinya har wani ya yi sallama sau biyu ban ji ba. Kambas ne, irin na yawo da ɗan gudu, amma babu komai a jikinsa. Babu zane, babu rubutu, babu ƙaton tambarin nan da suke liƙawa a gefe. Farinsa ma irin na ɓawon ƙwai ne, ba ya kashe ido. Na ƙirga fatar, yanki uku kacal. Kambas ɗin da ake kawo mini gyara, mafi sauƙinsu yanki goma sha ɗaya ne, na taɓa kwance mai ashirin da bakwai. Ramukan igiya biyar-biyar. Ɗinki guda ɗaya a bayan dunduniya, a miƙe, sai da na kawo shi kusa da ido kafin na gan shi. Na kai wa mai kemis ya ɗora mini a ƙaramin sikelinsa: ƙafa biyun tare ba su kai nauyin ƙafa ɗaya na wanda nake sawa ba. Na lanƙwasa shi, ya lanƙwasu daidai inda ƙafar mutum take lanƙwasuwa, na sake shi ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Kuma daidai ƙafata, kamar an auna ni ina barci.

Tela maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Mai gyara, wannan na marasa lafiya ne a asibiti? Ko kayan adon ne suka ƙare musu a kamfanin?" Na ce masa ya koma kan kekensa. Bai yi minti goma ba ya dawo ya ce in ba shi ya riƙe. Ya riƙe, ya juya shi, ya sake juyawa, da ƙyar ya miƙo mini.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Ƙasan takalmin, gam kaɗai ke riƙe da shi, ba a zagaye shi da ɗinki ba. Na ce watakila sauri suka yi a kamfaninku, ko kuma kin bar mini ne da gangan, tunda kin san a rumfarmu tun zamanin Baba sabon takalmi ba ya taka ƙasa sai an zagaye shi. Kwana biyu ina jujjuya abin a raina. Jiya na wanke hannu, na ɗauki sabuwar basilla, na shafa wa farin zare kaki, na zagaye ƙafar hagu. Ɗinki ɗari da goma sha huɗu, ban yarda ko ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ba. Ina jin ban taɓa yin aiki mai tsafta kamarsa ba, ko da yake da na ajiye su gefe da gefe sai na ga kamar na daman ya fi kyau, ban san dalili ba. Watakila idona ne. Farin zaren ya ƙare, in mai kawo mana kaya ya zo mako mai zuwa zan yi na dama.

Ki tambayo mini a wurin aikinku wanda ya zana shi. Ina so in san tsoho ne ko yaro.

Yayanki.

(Wannan ta ƙasa wasiƙar Auta ce. Ta rubuta ta ran 1 ga wata, ranar da ta ba da kwalin. Ta iso hannuna ran 12. Na liƙa ta a littafi.)

Yaya,

Ina gaishe ka, da Inna, da Anti da yara. Ni lafiyata ƙalau, bayana ne kawai ke ɗan ciwo saboda zaman keke. Ka ce wa Inna ina cin abinci, ta daina aiko mini da saƙo ta bakin duk wanda ta gani.

Ka zauna kafin ka ci gaba. Takalmin da ke cikin kwalin nan, ni na zana shi. Ni, autarku, wadda ka hana taɓa basilla sai da ta shekara goma sha biyu. Shekara shida ke nan ina kan keken ɗinki a kamfanin nan, ina harhaɗa abin da wasu suka zana. Wata goma sha ɗaya da suka wuce na fara nawa, lokacin hutun cin abinci, da ragowar fata. Na farkon yanki goma sha huɗu ne, har da jan ratsi a gefe. Duk wata sai in cire abu ɗaya in ga ko zai tsaya. Abin da na cire a ƙarshe shi ne ɗinkin da ke zagaye ƙasan, kuma shi ya fi ba ni wahala, don sai da na canza yadda fatar take kwanciya a cikin robar gaba ɗaya. Nan ran takalmin yake, Yaya: a kalle shi daga gefe a ga fata ta shiga roba babu abin da ya tsaya a tsakaninsu.

Shugabar ɗakin zane, wata mata da muke kira Mai Tabarau, ta gan shi. Ba ta yaba ba, dama ba ta yabon komai. Ta ce sabon takalmi kowa ya iya shi, in kawo mata wannan ran 18 ga watan gobe bayan ya yi kwana talatin a ƙafar mai aiki. In ya gamsar da ita, zan bar keke in koma ɗakin zane. Sau ɗaya tak aka ba ni aron injin matse ƙasan takalmi, don haka ƙafa biyun nan su ke nan a duniya, babu wasu.

Da awon ƙafarka na yi shi. Ka riƙa sa shi kullum, ka yi zirga-zirgarka, ka rubuta duk abin da ka ji a littafin nan naka da muke yi wa dariya. Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka gyara komai. Kada ka ɗinka, kada ka liƙa, ko burushi kada ka sa masa. Na san hannunka, shi ya sa na ja wa maganar layi biyu a ƙasa.

Autarku.

Laraba, 12 ga wata.
Aikin farko: maɗaurin jakar mai gadi. Ban gama ba.

Auta,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya. Inna lafiya, ban gaya mata komai ba.

Jiya da kika kira, abin da na ji kawai shi ne, "Yaya, kada ka taɓa na dama!" sai kika kashe. Na yi ta kira ba ki ɗauka ba. Ashe wasiƙata ce ta isa gare ki. Yau da hantsi Sai Gobe ya zo yana sosa ƙeya, ya ciro ambulan daga aljihun ƙofar mota, inda ta yi kwana goma sha ɗaya tare da tsumman goge gilashi. Ban iya yi masa faɗa ba. Shi mantuwa kawai ya yi. Ni kuwa na wanke hannu, na zauna a natse, na huda rami ɗari da goma sha huɗu a aikin da kika yi wata goma sha ɗaya kina yi.

Sau huɗu na karanta wasiƙarki. Da na zo inda kika ce a kalle shi daga gefe, na tashi na ɗora su a kan benci, na tsuguna na kalla. Yanzu na gane abin da idona ya gani ran nan na ƙi yarda da shi. Na dama kamar zuba shi aka yi, ido yana tafiya daga gaba har dunduniya ba ya tuntuɓe. Na hagu kuwa kamar an kewaye shi da shinge.

Na yi tunanin warware zaren. Na ɗauki reza, na ajiye. In na cire, ramukan suna nan, kuma kin ce kada in gyara komai, warwarewa ma ai gyara ce. Ban sani ba ko na yi daidai.

Kuma ashe ke kika zana shi, ni kuwa ina tambayarki tsoho ne ko yaro. Na gaya wa tela, ya ce, "Wace Autar? Wadda take zuwa tana sace mini alli?" Na ce ita fa. Ya ce, "To ashe ba a banza allina ya tafi ba."

Gobe zan fara sawa, in ƙirga ta rana ta ɗaya, sai dai in kin ce in dawo miki da shi haka. Ba na neman ki ce babu komai, don akwai.

Yayanki.

Asabar, 15 ga wata.

Yaya,

Ka gaida Inna.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi kuka a bayan ɗakin ajiyar kaya har aka zo nemana. Ɗari da goma sha huɗu! Har ƙirgawa ka yi ka aiko mini. Tun ina ƙarama haka kake. In na kawo abu in nuna maka, kafin in rufe baki ka riga ka fara gyara shi. Ka tuna jakar makarantar da na ɗinka da kaina? Na wayi gari na tarar ka warware ta ka sake ɗinkewa, kana tsaye kana jira in gode maka.

Na nemi a sake ba ni injin, an ce sai bayan wata uku. Don haka abin da ke hannunka shi zan kai. Ka sa su duka biyun, kwana talatin, ka rubuta. Na hagu ya riga ya mutu, rakiyar ƙafarka kawai zai yi. Na daman shi ne duk abin da ya rage mini, kuma na san ba zai buɗe ba, na gwada shi ta kowace hanya. Ka bar shi ya nuna kansa.

Kada ka kira ni kwanakin nan. In na ji muryarka zan ce na yafe, ni kuwa ban gama fushi ba.

Auta.

Laraba, 26 ga wata. Rana ta 14.
Aikin farko: silifas uku na gidan mai burodi. An gama biyu.

Auta,

Ina gaishe ki. Ban kira ba, kamar yadda kika ce, amma ba ki hana rubutu ba. In ba ki so karantawa yanzu ki ajiye. Inna tana samun sauƙi, ƙaramin yaron ne ya yi mura ta kwana biyu, ta wuce.

Ga abin da ke littafi a taƙaice. Daga gida zuwa rumfa minti ashirin da biyar nake yi tun da can. Yanzu ashirin da ɗaya, ban kuwa ƙara sauri da gangan ba, na gwada sau shida. Har yau bai cije ni a dunduniya ba, alhali ban taɓa sa sabon takalmin da bai fitar mini da ƙurji a makon farko ba. Rana ta 6 layi ya fito a saman yatsu, guda ɗaya, siriri, bai ƙara ba. Rana ta 8 akuya ta taka ni a na dama, bai yi komai ba. Rana ta 9 ruwan sama ya tsare ni a hanya. Da na iso rumfa safar dama a bushe take, ta hagu kuwa sai da na matse ta. Ta ramukana ruwan ya shiga. Na hagun kuma ya fi tauri, yana ɗan ƙara in ina tafiya, kamar yana kai ƙarata.

Ban sa masa burushi ba. Farin ya ɗan dusashe, kuma ban san yadda zan faɗa miki ba, sai na ga kamar ya ƙara kyau. Yana shiga da wandon aiki, yana shiga da kayan fita, ba ya faɗa da kowanne. Mutum huɗu sun tsayar da ni a titi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita da take wuni a tsaye irin wannan take nema, a ina ake sayarwa. Na ce ba a sayarwa, ƙanwata ce ta yi. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Inna ta gan shi a ƙafata ta ce, "Kai kuma yaushe ka zama likita?" Na gaya mata ke kika yi. Ta sa na cire na dama, ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe, ta ce, "Ikon Allah. A ina yarinyar nan ta ɓoye ɗinkin?" Sannan ta kalli na hagu ta ce, "Wannan kuwa hannunka ne." Ta miƙo mini takalmin. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kullum in na zauna a rumfa sai in kalli ƙafata ta dama. Ni aikina ƙari ne: in ƙara fata, in ƙara gam, in ƙara zare. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai zauna wata goma sha ɗaya yana ragewa ba. Takalma masu ado da nake kwancewa, a ƙarƙashin kowane ratsi sai in tarar da karkataccen ɗinki ko fata mai tabo, an rufe. Naki ba shi da inda zai ɓoye ko kuskure ɗaya, kuma kin san haka kika yi shi. Ni ba ni da wannan zuciyar.

Maganar jaka, na tuna. Shuɗiya ce. Maɗaurinta ne kawai yake da rauni, sauran babu abin da ya same shi. Na warware ta duka.

Yayanki.

Juma'a, 12 ga sabon wata. Rana ta 30.
Aikin farko: sa takalmin Auta a kwali.

Auta,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya, Inna ta ce a gaya miki ta daina shan maganin da izinin likita, ba da izinin kanta ba. Shirunki ya kusa wata guda, ban ga laifinki ba.

Ki karanta wannan kafin ki juya takalmin. Na dama ya buɗe.

Rana ta 21 ne, da rana, na cire shi zan wanke ƙafa. Ta gefen ciki, daidai inda babban yatsa yake lanƙwasuwa, fata ta rabu da roba. Na auna, santimita biyu. Na zauna ina kallonsa, gwangwanin gam yana kan benci, ko miƙewa ba sai na yi ba. Aikin minti biyu ne, Auta, na yi irinsa ya fi sau dubu, kuma na iya shi yadda ba za a gani ba. Na ce in na liƙe, za ki shiga wurin matar nan da takalmi lafiyayye, in rama miki ɓarnar da na yi. Na kuma ce in na bar shi na rubuto miki, za ki ga kamar ina kare ɗinkina ne, ina cewa ga shi nan dama na faɗa. Har na buɗe murfin.

Sai na tuna layi biyun da kika ja. Na rufe, na ɗauki gwangwanin na shiga wurin tela na ce, "Riƙe mini wannan. Kada ka ba ni sai ka ga takalmin wani a hannuna, in na gama kuma ka karɓe." Ya kalle ni ya ce, "Yau kuma mai gyara ne ke gudun gam? Gobe ni ma sai in kawo maka allura ajiya." Ya kulle shi a durowar keke. Kwana tara muna haka. In zan liƙa wa wani silifas sai ya taso ya tsaya a kaina kamar ɗan sanda, idonsa a kan ƙafata.

Ban taɓa yin kwana tara masu tsawon waɗannan ba. Ina tafiya ina jin wurin kamar haƙori mai girgiɗi. Kullum da safe nake aunawa: rana ta 25 biyu da rabi, yau uku. Bai ci gaba zuwa dunduniya ba, kuma ruwa bai shiga ba, don an yi yayyafi rana ta 27 na duba. A ganina wurin ba lanƙwasuwa kaɗai yake yi ba, har da murɗewa, musamman in na tsuguna ina aiki, don a kan ƙafar dama nake sauke nauyina. Watakila laifin tsugunona ne, ba na zanenki ba. Ban sani ba. Na rubuta yadda na gani.

Ya kamata in gaya miki tun ranar. Sau biyu na fara wasiƙar na yaga. Wannan ma laifi ne, ki haɗa da na farko.

Na yago shafuka talatin ɗin, suna ƙarƙashin takalmin. Wasiƙar nan kuma a cikin ƙafar dama na cusa ta, don kada ta kwana a ƙofar motar Sai Gobe. Na koma tsohon takalmina ɗazu, ji nake kamar an ɗaura mini bulo a kowace ƙafa. Ko me matar nan za ta ce ran 18, ni dai kwana talatin na yi a cikin abin da ya fi duk wani abu da na taɓa gyarawa.

Yayanki.

Asabar, 20 ga wata.

Yaya,

Na gama fushi. Ina gaishe ka sosai, da Inna, da Anti da yara, da tela mai ajiyar gam.

Na buɗe kwalin na ga gefen na dama. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na nemi gam. A kamfani muke, gam kamar ruwa yake. Har na riƙe shi a hannu, sai na tuna yayana ya kai nasa ajiya durowar keke, na yi dariya hawaye na zuba, na mayar.

Ran Alhamis na shiga. Mai Tabarau ta fara ɗaukar na hagu ta ce, "Wa ya yi wannan ta'asa?" Na ce yayana ne, mai gyaran takalma. Ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga gaba har baya, ta ce, "Hannunsa yana da kyau. Allah ya raba sababbin takalma da shi." Sannan ta ɗauki na dama, ta sa farce a inda ya buɗe. Ta ce, "Kin ga wannan kafin ki shigo?" Na ce na gani. Ta ce, "Kuma yayan naki mai gyara ne, ya bar shi haka?" Na miƙa mata shafukanka. A tsaye ta karanta su, duka talatin ɗin, har da ranar akuya. Da ta gama ta ce da an liƙe wurin da ta gane, don sabon gam ba ya ɓuya mata, kuma da nan maganar ta ƙare, ba ta zama ɗaki ɗaya da mai ɓoye mata rami.

Ba ta karɓi takalmin ba. Ta ce abin da ya buɗe a kwana ashirin da ɗaya bai zama takalmi ba tukuna. Amma ta ba ni tebur a ɗakin zane, gwajin wata uku, in rufe wurin nan ba tare da an ga komai daga waje ba. Jibi zan fara. Teburin ƙarami ne, ƙafarsa ɗaya tana rawa, kuma kada ka ce za ka zo ka gyara.

Na ce maka ba zai buɗe ba, ya buɗe. Ba tsugunonka ba ne, kowa yana tsugunawa. Ashe wurin yana son zare, Yaya, sai dai ba ɗari da goma sha huɗu ba. Ka tuna ɗinkin da Baba yake yi ta ciki, wanda zaren yake shiga cikin kaurin roba ba ya fitowa waje? Ni ban koya ba, kai ka koya. Ka gwada mini a kan tsofaffin takalma, tsawon yatsa ɗaya kawai, ka aiko mini da yadda ka yi. Wannan karon ni na ce ka taɓa.

Na hagun yana kan teburina, a can zan bar shi. Wanda zan yi nan gaba na Inna ne, ka auno mini ƙafarta.

Autarku.

Laraba, 24 ga wata.
Aikin farko: tattaro tsofaffin kambas daga ƙarƙashin benci. Bakwai na samu.

Auta,

Ina gaishe ki, ina taya ki murna, mai tebur. Kowa lafiya. Na karanta wa Inna wasiƙarki, ta sa na maimaita mata inda matar ta ce Allah ya raba sababbin takalma da ni, ta yi dariya har da tari. Ta ce nata ma kada a sa masa komai, irin nawa take so, na daman.

Maganar ɗinkin Baba, kada ki sa rai da yawa. Rabona da shi shekara tara, tun rasuwarsa, kuma ko a lokacin shi yake fara mini huda ta farko. Na gwada biyu yau, duka biyun basillar ta ɓullo ta waje. A na biyun sai a huda ta shida ta ɓullo, a na farko kuwa tun ta biyu. Ina jin kwanciyar basillar ce ban samu ba, ko kuma tawa ta yi kauri. Zan ci gaba. In ya yiwu zan aiko miki da shi, in bai yiwu ba zan aiko miki da waɗanda suka lalace, ki ga inda suka lalace.

Tela ya hana ni gwangwanina. Ya ce ba zai saki ba sai ya ga rubutun Auta da idonsa.

Haske ya fara raguwa a rumfa, bari in rufe. Ba ni da wata takardar, don haka ki yi haƙuri da abin da ke ƙasa, na gobe ne.

Yayanki.

Gobe:
Maɗaurin jakar mai gadi, har yanzu.
Kai wa tela wasiƙar Auta, karɓo gam.
Neman siririyar basilla wurin mai kawo kaya.
Gwaji na uku da na huɗu. A kwantar da hannu.
Auna ƙafar Inna, da yamma, lokacin da take ɗan kumbura. Ƙafa biyu, a tsaye.
Sabon kambas da ma'aikaciyar jinya ta kawo a zagaye mata. Ban taɓa ba. In tambaye ta tukuna ko ta yi tafiya da shi.